Arlit: A Jefa Ƙuri'a, a Ji ta Bakin Talaka

Ƴan uwa manoma da makiyaya, kun san adashe. In za a fara kwasa, sai a jefa ƙuri'a. Wanda ta faɗa wa shi ne na farko, ba mai cewa an yi son kai. To, a wasu ƙasashe da wannan dabara ake zaɓen waɗanda za su ba hukuma shawara.

Mu dubi Arlit, a jihar Agadas. Ƙarfen uraniyom ne ya kafa garin. Kamfanin SOMAÏR ya fara haƙa a 1971, COMINAK kuma a Akokan a 1978. A 2006 doka ta ce a ba ƙananan hukumomin jihar da ake haƙar ma'adinai kashi 15 cikin 100 na kuɗin da gwamnati ta samu. A 2021 aka rufe COMINAK, mutane da yawa suka rasa aiki. Saboda haka kowace dala da ta shiga asusun gari tana da daraja. Rijiya za a gina, ko a ƙara albashin manya? Wa ake tambaya?

Ga abin da aka yi a Tamale, a arewacin Gana, a 2015. An zaɓi mutum 208 ta hanyar ƙuri'a, maza da mata. Kwana 2 suka yi suna shawara kan ruwan sha, tsabtar gari da abinci. Da yawansu ba su yi makaranta ba, sai aka nuna musu bayani ta majigi. Suka yi wa masana tambayoyi, sannan kowa ya faɗi ra'ayinsa.

Irin wannan zama zai iya duba maganar albashi. Lissafin ba wuya: albashin babba ya ninka na mai shara sau nawa? A 2024 albashi mafi ƙanƙanta a Nijar ya koma jikka 42 a wata. In aka ce kada a wuce ninki 10, to babba ba zai haura jikka 420 ba.

Ba sabon abu ba ne. A 2012 Faransa ta sa wa shugabannin kamfanonin gwamnati iyaka, wajen ninki 20. Dokar ta shafi har shugaban Areva, kamfanin da ke riƙe da ma'adinan Arlit a lokacin. Amma a Suwizalan, a 2013, jama'a suka ƙi yarda da ninki 12. Kun ga ba kullum ake shan ruwa ɗaya ba.

Amfanin ƙuri'a shi ne ba ta san ɗan sarki ba. Tana iya faɗa wa mai raƙumi, ko mai lambu, ko matar da ke layin famfo. Su ne suka san inda ke musu ƙaiƙayi. Ku tattauna wannan magana a ajin yaƙi da jahilci, ku rubuto mana ra'ayinku.