Hattara da Na'urar Gashin da Ba a Auna Ba

Ciwon daji ya daina zama labarin nesa. A Kaduna, daga Kakuri, Makera, Barnawa har Sabon Tasha, iyalai na sayar da fili da keken ɗinki su kai majinyaci Shika ko Abuja a yi masa gashi. Sababbin na'urori kuma sai shigowa suke yi Najeriya, ana yanke ƙyalle ana tafi. Madalla da wannan. Amma akwai haɗarin da ke tafe a bayan kowace sabuwar na'ura, wato sakaci da awo, kuma dole a faɗe shi tun kafin ya ci rai.

Na'urar gashi ta Linak tana harba hasken ilektiron domin ƙona ciwon da ke fata ko kusa da ita, kamar ƙirjin matar da aka cire wa mama. Hasken nan ido ba ya ganinsa. Likita ya rubuta adadi, amma ba mai tabbatar da cewa abin da ya rubuta shi ne ya shiga jiki sai masanin fiziks na asibiti. Shi ke nutsa ɗan ƙaramin kurtu mai iska cikin akwatin ruwa, ya sakar masa hasken. Hasken ya farfasa iskar zuwa ƙwayoyi masu caji iri biyu, wutar lantarki ta ja kowane iri gefensa, mita ta ƙirga.

To a nan gizo ke saƙar. Wasu ƙwayoyin sukan sake haɗewa kafin su isa inda ake ƙirga su, sai mita ta nuna ƙasa da gaskiya. Abin ya fi tsanani a Linak, domin haskenta a dunƙule yake fita, bugu bayan bugu, ƙwayoyin su cunkushe wuri guda. Wanda ya yarda da wannan karatu zai ɗauka na'urar ta gaza, ya ƙara mata ƙarfi. Tamkar mai auna hatsi da hudajjen mudu ne, yana ta zubawa yana cewa bai cika ba. Rarar kuwa a jikin majinyaci take sauka.

Maganin abin sananne ne. Ƙa'idar da hukumar nukiliya ta duniya, IAEA, ta fitar a shekarar 2000 ta ce a auna sau biyu, misali da bolt 300 sannan da bolt 100, a fitar da gyaran daga bambancin. Sau da yawa gyaran bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 ba, shi ya sa mai gaggawa ke raina shi. Ya manta cewa duk kuskuren da aka yarje wa aikin gashi, daga awo har kwanciyar majinyaci, kusan kashi 5 ne kacal. Ga kuma na ƙasarmu: Kaduna tana kimanin mita 600 sama da teku, iskarta ta fi ta Legas sauƙi. Wanda bai gyara karatunsa da nauyin iska da zafin ɗaki ba, zai iya kaucewa da kusan kashi 7, kuma ta ɓangare ɗaya da na farko.

Kada wani ya ce wannan tsoratarwa ce kawai. A Ekseta ta Ingila, a 1988, kuskuren awo ya sa majinyata 207 sun sha ƙarin kashi 25, kuma sai da aka gwama awon asibitoci sannan asiri ya tonu. A Biyalistok ta ƙasar Foland, a Fabrairun 2001, wuta ta ɗauke ta dawo, aka ci gaba da gashi ba a sake auna na'urar ba. Mata biyar suka ƙone da hasken ilektiron, ƙunar da ta kai su ga tiyata. Mu da ɗauke wuta ya zame mana abin kullum, wa ya fi mu bukatar wannan darasi?

Saboda haka, shugabannin asibiti, kada ku sayi na'urar biliyoyi ku yi ƙyashin albashin mai auna ta. Ku aika kayan awonku ɗakin gwaji na ƙasa da ke Jami'ar Ibadan a daidaita su kan kari, ku shiga binciken awo ta gidan waya da IAEA da Hukumar Lafiya ta Duniya suke yi tun 1969. Hukumar kula da nukiliya ta Najeriya, NNRA, kada lasisi ya fita sai an ga littafin awo da ido. Ma'aikata, in wuta ta ɗauke ko an taɓa na'ura da gyara, kada kowa ya hau gadon nan sai an sake gwaji, komai tsawon layi.

Ku kuma 'yan uwa masu jinya, kada wannan ya sa ku gudu wurin masu tallar magani a tasha. Gashi yana warkarwa, ku je da wuri. Amma haƙƙinku ne ku tambaya ko akwai masanin awo a wurin, da ranar da aka auna na'urar. In majinyaci ya ji zafi ko ƙaiƙayi yana kan gado, ya yi magana nan take a tsayar. Rai amana ne, kuma duk wanda ya tsallake awo don ya rage layi zai amsa tambaya a gaban Allah.