Ɓuntun Shinkafa Da Ɓawon Gyaɗa Na Iya Tace Ruwan Rijiya

Jama'a da yawa suna zaton muddin ruwa ya yi garau, ba wari ba gardi, to, lafiyayye ne. Alhali kuwa akwai gubar da ido ba ya gani, watau ƙarafa irin su dalma da arsanik, waɗanda ke narkewa cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta fitar da ƙarfe.

Ba mu manta da abin da ya auku a Zamfara cikin 2010 ba, sa'ad da gubar dalma ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje su ne suka ta da ƙurar, ta gurɓata ƙasa, ta shiga kududdufai da waɗansu rijiyoyi. A ƙasar Bangaladash kuwa, rijiyoyin burtsatse da aka haƙa tun daga wajen 1970 domin tsere wa ruwan kududdufi, sai cikin 1993 aka tabbatar da yawansu suna ɗauke da arsanik, bayan miliyoyin mutane sun daɗe suna sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada dalma ko arsanik su wuce mikirogiram 10 cikin lita guda.

To, injunan tace irin wannan ruwa suna da tsada ƙwarai, talakan ƙauye bai iya sayensu. Saboda haka masana suka juya ga abin da manomi ke zubarwa a juji: ɓuntun shinkafa, ɓawon gyaɗa, totuwar masara da ɓawon kwakwa. Ɓuntu kaɗai ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shinkafar da ba a casa ba.

Ga yadda abin yake. Akan wanke ɓawon, a shanya, sa'an nan a gasa shi cikin rufaffen mazubi inda iska ba ta shiga sosai, har ya zama gawayi. Gawayin nan cike yake da 'yan ramuka, har giram 1 na wanda aka gyara da kyau faɗin ramukansa ya kan wuce murabba'in mita 500. In ruwa ya ratsa, sai ƙarfen ya manne a jikinsa ya tsaya. Dalma ba ta da wuyar kamuwa. Arsanik ne mai taurin kai, sai an shafe gawayin da tsatsar baƙin ƙarfe kafin ya kama shi sosai.

Amma fa muna jan kunnen masu karatu, kada kowa ya zuba ɓuntu cikin randa ya ce ya gama. Gawayin yana cika, in ya cika kuwa ba ya ƙara kamawa, har ma ya kan saki abin da ya riƙe. Wanda aka gama aiki da shi ya zama guba, ba a zuba shi a gona ko kusa da rijiya. Tilas ne ma'aikatan lafiya su auna ruwan kafin tacewa da bayanta.

Muna roƙon hukumomin ruwa da jami'o'inmu su haɗa kai, su fara da auna rijiyoyin ƙauyukan da ake haƙar ma'adinai, kana su gwada wannan dabara a can, tun da kayan aikin suna jibge a kowace masussuka. Allah ya kiyashe mu da 'ya'yanmu, amin.