JAR FITILAR BAƘIN MAI: GARGAƊIN DA DIREBOBIN GAYA DA AJINGI BA ZA SU RAINA BA

Zirga-zirgar jama'a a ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi ta dogara ƙwarai a kan ƙananan motocin safa irin su Toyota Hiace da Peugeot J5, waɗanda ke jigilar ma'aikata da 'yan makaranta da amfanin gona zuwa Wudil da Dutse da birnin Kano. Da yawansu sun kwana biyu. Alal misali, J5 an daina ƙera ta tun farkon shekarun 1990, amma har yanzu ana cin moriyarta. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke kashe irin waɗannan injuna kuwa shi ne raguwar ƙarfin baƙin mai.

Yadda abin yake shi ne, famfo yana zuƙo baƙin mai daga kwanon da ke ƙasan inji, ta cikin wata rariya, sa'an nan ya tura shi da ƙarfi zuwa ga mital-mital ɗin da ƙaramshaf ke juyawa a kansu. Muddin ƙarfin yana nan, ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe. Idan inji ya tsufa, sai mital su cinye, tazarar da ke tsakani ta buɗe, mai ya riƙa tsiyayewa ba tare da ya tara ƙarfi ba. Zafin bazara, wanda kan wuce digiri 40 a watan Afrilu, yana ƙara tsinka man, ƙurar hunturu kuma tana gurɓata shi.

Abin da ya kamata a sani shi ne jar fitilar da ke gaban direba ba ta kamawa sai ƙarfin ya faɗi ƙasa ainun, wajen 5 a ma'aunin psi. Watau lokacin da ta haska ɓarna ta riga ta soma. Duk da haka wasu direbobi sukan cire wayarta don kada ta dame su. Wannan ganganci ne, domin inji yana iya bugawa cikin 'yan mintoci, a bar fasinja a daji, mai mota kuma ya faɗa kuɗin garambawul.

Idan fitilar ta kama, wajibi ne a tsaya a kashe inji nan take. Bayan 'yan mintoci a zaro geji, mota tana kan wuri miƙaƙƙe. In mai ya yi ƙasa a cika. In yana ƙamshin fetur ko ya yi ruwa-ruwa, to mai na konewa yana zubowa cikinsa, sai a yi juye a gyara mafarin yoyon.

In kuwa mai ya cika kuma fitila ba ta mutu ba, sai a nemi makanike ya kwance ɗan makunnin fitilar, ya ɗaura agogon awo a gurbinsa. Lalle ne a auna bayan inji ya ɗau zafi sosai, domin mai mai sanyi yana da kauri, yakan ɓoye laifi. A yawancin tsofaffin injunan Toyota ana bukatar kada awon ya gaza 4 a lokacin da inji ke silo, sa'an nan ya kai tsakanin 36 da 71 in yana juyi 3,000 a minti.

Daga nan agogo zai nuna inda cutar take. In awo ya cika, makunnin ne ya lalace, kuma canza shi ba shi da tsada. In ya faɗi a silo amma ya tashi da an taka totur, galibi mital ne suka cinye, musamman in ana jin ƙwanƙwasa daga ƙasa ko an ga garin ƙarfe a cikin tsohon mai. In ya ƙi tashi ko da an taka, sai a sauke kwanon a duba rariya ko ta toshe da dauɗa, a duba famfo da bawul ɗinsa.

Zuba mai mai kauri, kamar 20W-50, yana ɗaga awon kaɗan a tsohon inji, amma jinkiri ne kawai yake sayo wa mai mota. Canza mital tun ƙaramshaf bai ci rauni ba ya fi sauƙi nesa ba kusa ba bisa ga zuwa Ƙofar Ruwa neman wani inji.

Daɗin daɗawa, yana da kyau a kafa agogon dindindin a gaban direba tare da barin fitilar tana aiki, a kuma riƙa rubuta awonsa kowane mako a kan zafi ɗaya da juyi ɗaya. Raguwa a hankali alamar tsufa ce, ana iya shirya mata. Faɗuwa farat ɗaya kuwa umurni ne na tsayawa.

Ya dace rassan Ƙungiyar Direbobi ta NURTW a tashoshin Gaya da Ajingi su ajiye agogon awo ko da guda ɗaya don amfanin 'ya'yansu. Haka kuma jami'an da ke kula da motocin ma'aikatu da makarantu su tabbata ana duba geji kowace safiya kafin mota ta bar harabar ofis.