Me Ke Sa Mutum Sayen Abin Da Bai Fito Saye Ba?

Magidanci ya fita da niyyar auno shinkafa da man gyaɗa, sai ya dawo da takalmi da sabuwar cajar waya, shinkafar da ya yi niyyar sayen kwano biyar kuwa ta koma biyu. Ba a yaudare shi ba, ba a kuma tilasta masa ba. Ido ne ya gani, zuciya ta biya, hannu ya miƙa kuɗi kafin tunani ya iso.

A da, irin wannan ɓarna kan wuce ba a ji zafinta sosai ba. Amma tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki darajar naira a watan Yuni na shekarar, lissafin gida ya tsananta. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin ɗari a Disambar 2024, alhali mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne. A irin wannan hali, sayen ganin dama guda ɗaya na iya cinye kuɗin makarantar yaro.

Masana kasuwanci sun daɗe suna nazarin wannan ɗabi'a. A 1962, wani masani a Amurka, Hawkins Stern, ya kasa saye ba shiri gida huɗu: wanda sha'awa zalla ke jawowa, wanda ganin kaya ke tuna wa mutum cewa na gida ya ƙare, wanda mutum ke ganin sabon abu ya raya wa kansa cewa yana bukatarsa, da wanda mutum ke shiga kasuwa da niyyar sayen duk abin da ya samu da rahusa. Na farko da na uku su ne suka fi cin aljihu, domin bukatar a wurin ake ƙirƙirar ta.

'Yan kasuwa sun san haka, kuma sun tsara shagunansu a kansa. Ba banza ba ake jera alewa da biskit da lemo a bakin wurin biyan kuɗi, inda mai saye ke tsaye yana jiran layi, yaro kuma na jan rigarsa. Abin ya kai ga gwamnatin Ingila ta hana manyan kantuna ajiye kayan zaƙi da maiƙo a irin waɗannan wurare tun daga Oktoban 2022. A intanet kuwa dabarar ita ce gaggawa: a nuna agogo yana ƙirga saura awa biyu rangwame ya ƙare, ko a rubuta cewa guda uku kacal suka rage. A watan Nuwamba, lokacin gwanjon Black Friday a shafuka irin su Jumia da Konga, wannan salo ne ke cika wayoyin jama'a.

Hanyar biyan kuɗi ma tana da tasiri fiye da yadda ake zato. Wasu malamai biyu na jami'ar MIT, Drazen Prelec da Duncan Simester, sun wallafa wani gwaji a 2001 inda aka yi gwanjon tikitin kallon wasan ƙwallon kwando. Waɗanda aka ce za su biya da katin bashi sun taya kusan ninki biyu na abin da masu biya da tsabar kuɗi suka taya. Ƙirga takardun kuɗi a miƙa wa wani yana da ɗaci, kuma ɗacin nan birki ne. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, 'yan Najeriya da dama sun koma tura kuɗi ta waya da amfani da POS, har a wurin mai shayi. Sauƙi ya samu, birkin kuma ya yi sanyi.

Akwai kuma abin da ya fi talla ƙarfi a unguwanni, wato kunya. Dillaliya ta shigo gida ta baje atamfa da turare, ta ce a ɗauka a biya sannu a hankali. Ƙawa ta sa kaya a WhatsApp, an ce ya yi kyau, sai ga shi an aiko har gida. Ga ankon biki, wanda ƙin sayensa kan zama abin magana a dangi. A nan mutum ya san sarai ba ya bukatar kayan, cewa a'a ce ke masa nauyi.

Inda lamarin ke zama haɗari shi ne idan aka haɗa shi da rance. Manhajojin bayar da bashi na tura kuɗi cikin mintuna, da ruwa mai yawa da wa'adi gajere, wasunsu kuma sun yi ƙaurin suna wajen aika saƙonnin cin mutunci ga 'yan uwa da abokan wanda ya makara. Wannan ne ya sa hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta wajabta musu yin rajista tun 2022. Rajistar tana rage cin zarafi ne kawai, bashin yana nan sai an biya.

Maganin da ya fi aiki ba shi da wani ƙawa: jinkiri. Sha'awar saye kan taso da ƙarfi ta kuma faɗi da sauri, don haka wanda ya bar kaya ya kwana, sau da yawa gari kan waye ba ya marmarinsa. Rubuta abin da za a saya kafin fita, da ɗaukar kuɗin da ya yi daidai da shi, su ma suna taimakawa. Haka nan mayar da farashi zuwa kwanakin aiki: mai albashin naira 70,000 da ke aiki kwana 22 a wata yana samun kimanin naira 3,200 a rana, ke nan takalmin naira 25,000 guminsa ne na kusan kwana takwas.

Adashi da asusu, waɗanda wasu ke ɗauka tsohon yayi ne, hikimarsu ke nan. Suna fitar da kuɗi daga hannu tun kafin ido ya ga abin sha'awa. Ma'aikacin da ya ware kuɗin haya da na abinci zuwa wani asusun banki da ba shi da katinsa a aljihu, ranar da albashi ya shigo, adashi ya yi da kansa.

Ba kowane saye ba shiri ne asara ba. Wanda ya tarar da masara ko wake sun faɗi a lokacin kaka ya auni buhu ya ajiye, ya yi dabara, domin abu ne da gidansa zai ci ko da rangwame ko babu. Rigar naira 20,000 da aka mayar 12,000 kuwa, idan ba a fito nemanta ba, naira 12,000 ce ta fita daga kuɗin cefanen watan.