Daga 'yar tsutsa zuwa ƙodar ɗan Adam

A watan Disamba na 1993, Victor Ambros da matarsa Rosalind Lee da Rhonda Feinbaum suka wallafa abin da suka gano a Amurka, a jikin wata 'yar tsutsa da tsawonta bai wuce milimita ɗaya ba. Wata ƙwayar gado mai suna lin-4 ba ta ƙera furotin kamar sauran. Guntun RNA take fitarwa, mai haruffa kusan 22 kacal. Gary Ruvkun ya nuna cewa guntun kan manne wa saƙon wata ƙwayar gadon, ya hana a yi aiki da shi. Masana suka ɗauka al'amarin tsutsa ne, suka wuce.

Sai a 2000 Ruvkun ya gano na biyu, let-7, aka tarar har a jikin mutum akwai shi. Yau an san ire-irensu fiye da dubu a jikinmu, ana kiransu microRNA. A 2024 aka ba Ambros da Ruvkun kyautar Nobel.

To, ina ruwan ƙoda? Kafin hoton CT ko na jijiyoyin zuciya, akan ɗura wa mutum ruwan rini mai aidin ta jijiya don hoton ya fito tangaran. Ƙoda ce ke tace shi. Yawancin mutane lafiya lau suke fitsarar da shi. Amma ga wanda ƙodarsa ta riga ta raunana, rinin kan tsuke jijiyoyinta, iskar oksijin ta yi ƙaranci can ciki, ƙwayoyin halittar 'yan bututun tacewa su fara mutuwa. Abin takaicin, sinadarin kiriyatinin da likita ke aunawa don duba ƙoda ba ya hawa sosai sai bayan kwana ɗaya zuwa uku, an riga an yi ɓarna.

Nan gadon tsutsar ya shigo. An ga wasu microRNA, dangin miR-30, suna ƙaruwa a jinin ɓeraye da na majinyatan da rini ya taɓa wa ƙoda, kuma gwajin dabbobi ya nuna miR-21 na da hannu wajen hana ƙwayoyin ƙoda mutuwa. Fatan shi ne su zama 'yan rahoto da wuri, wata rana ma magani. Har yanzu dai bincike ne, ba su kai gadon asibiti ba.

Idan kana da ciwon suga ko na ƙoda aka rubuta maka irin wannan hoto, ka faɗa wa likita, ka nemi a auna ƙodarka tukuna.