Ɗafa-goshin Derma-: Asalinsa da Matsalar Fassara Shi zuwa Hausa

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu duba ɗafa-goshin nan derma- ko dermato-, wanda ma'aikatan lafiya a Tambuwal da Kebbe suke cin karo da shi a littattafansu, sa'an nan mu ga ko kalmar "fata" ta wadatar wajen fassara shi.

Kalmar daga Girkanci take. Tushenta aikatau ne, derein, watau feɗe dabba. Saboda haka a waƙoƙin Homa derma tana nufin fatar da aka feɗe, irin wadda majemi yake karɓa, likitoci kuwa suka riƙe ta sunan fatar mutum mai rai. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Sakkwato, inda fatar jar akuya ta yi suna har ta ƙetare Sahara, Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Hausa ma kalma guda gare ta, fata, ko hwata a bakin Basakkwace, ga ta majemi da ta majinyaci. Dermato- kuwa daga dermatos ta fito, kamar a ce "na fata".

A gaskiya kiransa ɗafa-goshi sassauci ne, domin saiwa ce sukutum: tana zuwa a farko a dermatitis, tana biyo baya a epidermis, watau saman fata. Girkanci yakan gabatar da "fata", Hausa kuwa jinkirta ta take yi. Dermatitis kumburin fata ke nan, dermatology ilmin fata. Ashe ba mu da bukatar aro.

Wahalar tana wani wuri dabam. Majinyacin da ya fito daga ƙauyukan Kebbe ba ya cewa yana da "cutar fata". Cewa yake yi ƙazuwa ce, ko makero, ko kirci, ko kyasbi, kowace da sunanta. Idan ma'aikacin asibiti ya tattara su duka a ƙarƙashin "cutar fata" domin bin sawun derma-, to, ya zubar da bayanin da aka kawo masa har gida. Ƙazuwa wani mitsitsin ƙwaro ne yake haƙa fata, kuma a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Makero da kyasbi kuwa dangin funfuna suke kawo su. Maganinsu ba ɗaya ba ne.

Inda abin ya fi hatsari shi ne kuturta. Takan soma da tabo mai haske wanda ake iya ɗauka kyasbi ne, alhali ƙwayar da Hansen ya gano a Norway a 1873 ba a fata kaɗai take tsayawa ba, jijiyoyi take ci. Tun 1981 hukumar ta ba da shawarar haɗakar magunguna masu warkar da ita, amma idan aka yi jinkiri jijiyar da ta mutu ba ta dawowa. A ganinmu, duk malamin da ya koyar da derma- a matsayin "fata" wajibi ne ya koyar da ɗalibi ya shafa auduga a kan tabon, ya tambayi majinyaci ko ya ji.