Uwargida Lillian Da Maganin Gajiyar Banza

Yau maganata da ke ce, ke da kike tashi daga aiki da yamma ƙafa a kumbure, baya na ciwo, alhali kuwa aikin bai ƙare ba, gobe kuma a ce miki ba ki da hanzari. Kafin ki yarda laifinki ne, tsaya ki ji labarin wata mata ta ƙasar Amurka, wadda manyan kamfanoni suka riƙa biya kuɗi don ta zo ta gano musu abin da ke cinye lokacin ma'aikatansu da ƙarfinsu.

Akwai wata sana'a da ake kira ba kamfanoni shawara. In masu kamfani suka ga ciniki ya ja baya, ko kaya na ɓaci, ko ma'aikata na gudu, sai su ɗauko wani gwani daga waje, kamar yadda akan kira likita ga majiyyaci, ya duba, ya faɗi magani, a biya shi. Wannan mata, sunanta Lillian Gilbreth, tana cikin waɗanda suka share fagen sana'ar. An haife ta a garin Oakland na jihar Kalifoniya a 1878. A 1904 ta auri wani ɗan kwangilar gini, Frank Gilbreth, suka haifi 'ya'ya 12, suka kuma haɗa kai a kan aiki ɗaya har mutuwa ta raba su.

Shi Frank tun yana ɗan shekara 17 ya shiga koyon ɗora bulo. Da ya zuba ido sai ya ga kowane magini da irin hanyarsa, kuma galibin wahalar da suke sha ba ta ƙara wa bango ko taƙi ɗaya. Magini ya sunkuya ƙasa ya ɗauko bulo, ya jujjuya shi yana neman fuska mai kyau, ya sake sunkuyawa ya ɗebo kwaɓi, ya ɗora, sa'an nan ya bubbuga. Da ya ƙirga, motsi 18 ne a kan bulo guda. Sai ya ƙera wani dandamalin katako da ake ɗagawa yayin da bango ke tashi, yadda bulo da kwaɓi kullum suna daidai hannun magini. Ya sa lebura ya riƙa jera bulo fuska mai kyau tana sama, a kuma kwaɓa ƙasa da laushi yadda ba sai an bubbuga ba. Motsin nan 18 ya koma bai wuce 5 ba, mutumin da ke ɗora bulo 120 a awa guda ya kai 350. To, lura da kyau 'yar'uwa. Ba wanda aka ce wa ya ƙara sauri. Sunkuyawar banza aka cire.

Ita kuwa Lillian ilmin halayyar ɗan Adam ta karanta, har ta sami digirin dokta a Jami'ar Brown a 1915. Littafinta na 1914 a kan riƙon ma'aikata, harufan farko na sunanta kaɗai aka sa a bangonsa, don kada masu saye su gane mace ce ta rubuta. Abin da ta kawo cikin aikin mijinta shi ne tunawa da cewa ma'aikaci mutum ne, yana gajiya, yana jin tsoro, yana kuma da nasa sani. A zamanin nan akwai wani mashahurin mai ba da shawara, Frederick Taylor, wanda mutanensa kan tsaya bayan ma'aikaci da agogo a hannu suna auna shi. Ma'aikata suka tsani wannan abu, har a 1911 maƙeran wata masana'antar makamai ta gwamnati a garin Watertown suka ajiye aiki saboda shi. Su Lillian suka bi wata hanya. Sukan ɗauki hoton majigi na mai aiki da saninsa, wani lokaci su ɗaura masa ɗan ƙwan fitila a yatsa don hoto ya nuna duk hanyar da hannu ya bi, sa'an nan a duba inda hannun ke yawon banza, a nemi shawarar mai aikin kansa.

A 1916 suka fitar da littafi a kan gajiya, inda suka raba ta gida biyu. Akwai gajiyar dole, wadda aikin kansa ke kawowa, maganinta hutu. Akwai kuma gajiyar banza, wadda mugun shiri ke kawowa: kujera marar majingina, tebur da ya yi tsawo ko ya yi gajarta, ɗaki mai duhu, tsayuwa a kan aikin da za a iya yi a zaune, da neman abin da ba shi da wurin ajiya. Wannan ta biyun, maganinta a kawar da ita. Har ɗakin tiyata suka shiga, suka ga likita na ɗauke ido daga majiyyaci yana laluben wuƙa da almakashi, suka ba da shawara ya riƙa faɗin sunan abin da yake so, ma'aikaciyar jinya ta miƙa masa a hannu. Haka ake yi har yau.

Ana nan sai a watan Yuni na 1924 Frank ya faɗi ya mutu da ciwon zuciya. Ya bar Lillian tana da shekara 46, da 'ya'ya 11 a raye, ƙaramarsu ba ta wuce shekara 2 ba. Bayan 'yan kwanaki ta shiga jirgin ruwa ta tafi birnin Prague na ƙasar Cekoslobakiya ta wancan zamani, ta tsaya a madadinsa a wani babban taro da aka gayyace shi. Da ta komo gida sai ta tarar yawancin kamfanonin da suke yi wa aiki sun janye, domin ba su ga yadda mace za ta shiga masana'anta ta gaya wa maza yadda za su yi aiki ba. Ga bakuna 11 na jiran abinci da kuɗin makaranta.

Ba ta zauna jiran su canja ra'ayi ba. Ta buɗe aji a gidanta tana koyar da ilmin nan, ta kuma juya wajen da mata ke aiki, inda ba mai iya ce mata ba ta san komai ba. Ta yi wa babban kantin Macy's na New York aiki a kan sha'anin ma'aikatansa. A 1929 ta shirya wa wani kamfanin gas na Brooklyn ɗakin girki irin na gwaji, inda murhu da tebur da wurin wanki ke kusa da juna, kowanne daidai tsayin mai girki. Daga baya aka gwada haɗa wani irin kek a tsohon ɗakin girki, aka sake haɗa shi a wanda aka shirya bisa tsarinta. A na farko mai girki ta yi taku 281, a na biyu taku 45. Kwandon shara da ake buɗewa da ƙafa, da 'yan kantocin da ke jikin ƙofar firji, ita ake danganta wa su. A 1935 ta zama farfesa a Jami'ar Purdue, a 1965 ta zama mace ta farko da aka zaɓa cikin babbar majalisar injiniyoyi ta Amurka. Ta rasu a 1972 tana da shekara 93, bayan 'ya'yan nan 11 duk sun gama jami'a.

To, me za ki ɗauka daga nan? Abin da kamfanoni suka biya kuɗi mai yawa suka saya, ke kina iya yi wa kanki da fensir da takarda.

Da farko ki zama baƙuwa a wurin aikinki har kwana uku. Kada ki gyara komai tukuna. Zaɓi aiki guda wanda kike maimaitawa kullum, ki rubuta duk abin da kike yi daga farkonsa zuwa ƙarshensa, har da tashi, da tafiya, da jira, da nema. Gani ya kori ji, abin da za ki gani kuwa zai ba ki mamaki. A ce ke akawu ce, kabad ɗin fayil yana taku 10 daga teburinki, kina zuwa sau 30 a yini. Zuwa da dawowa taku 600 ke nan, a kwana biyar 3,000, duk ba a rubuta ko layi ɗaya ba. In tela ce ke, ƙirga sau nawa kike barin keke ki tafi wajen dutsen guga, sau nawa kuma kike ɗaga yadi kina neman almakashi. In mai abincin sayarwa ce, dubi nisan da ke tsakanin randa da murhu.

Na biyu, ki bi jerin nan ɗaya bayan ɗaya kina yi wa kowane abu tambaya huɗu. In an bar shi, me zai ɓaci? Za a iya haɗa shi da wani? In an sake masa wuri a jerin, ya zo gaba ko ya koma baya, zai fi? In kuwa dole ne, ta yaya zai yi sauƙi? Ki fara da tambayar farko, domin ɓarna ce ki ƙware a kan aikin da bai kamata a yi shi ba sam. Sau da yawa za ki tarar ana cika takarda iri ɗaya sau biyu, ko ana jiran sa hannun wanda ba ya ko karantawa, in kika tambayi dalili a ce haka aka tarar.

Na uku, kowane kayan aiki ya sami wurin zamansa, wanda aka fi ɗauka ya fi kusa da hannu, mai nauyi kuma ya zauna daidai ƙugu, kada a ajiye shi a ƙasa. Su Gilbreth sun lissafa nema da zaɓe cikin motsin da ke cin lokaci ba tare da ya haifi komai ba. Wannan gyara ba ya bukatar izinin kowa, ba ya cin ko sisin kwabo.

Na huɗu, in ke ce shugaba, tambayi mai yin aikin kafin ki yanke hukunci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yarinyar da ke yi miki aiki ta san abin da ke tsayar da ita, amma ba za ta faɗa ba in ta san tsawa za ta sha. In kika ga mutum uku sun riƙe aiki ɗaya bi da bi, kowannensu yana yin kuskure iri ɗaya, to ki bar zarginsu ki dubi yadda aka shirya aikin. Kada kuma ki auna kowa a ɓoye. Gaya musu abin da kike ƙirgawa da dalilinsa, in ba haka ba ki gamu da abin da aka gamu da shi a Watertown.

Na biyar, in ke ce a ƙasa kuma gyaran ya fi ƙarfinki, ki san yadda za ki kai magana sama. Ki sami shugaba shi kaɗai, a lokacin da ba shi da baƙi. Kada ki ambaci laifin kowa, kada kuma ki fara da cewa kin gaji, ko da kuwa gaskiya ce. Nuna takardarki ki ce, ranka ya daɗe, ga taku nawa nake yi a yini zuwa kabad, ga minti nawa mutane ke jira, ina roƙo a matso da shi mu gwada mako guda, in bai yi ba a mayar. Da wuya a ƙi gwajin mako guda. Ki kawo gyara ɗaya tak, domin in kika sake abu biyar tare, ba za ki san wanda ya yi amfani ba. In aka yi nasara kuma shugaba ya ba da labarin kamar dabararsa ce, ki ajiye takardarki mai kwanan wata, ranar da ake maganar ƙarin girma za ta yi miki shaida. In kuwa ke aka kawo wa shawara, kada ki ɗauke ta raini. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Saura gargaɗi guda, shi ne kuwa mafi nauyi. Ilmin nan wuƙa ne, yana yanka nama yana yanka yatsa. An sha yin amfani da shi a masana'antu don a ƙara wa ma'aikata kaya, lada kuwa yana nan yadda yake. Lillian ta tsaya a kan cewa amfanin rage wahala shi ne mutum ya sami lokacin jin daɗin rayuwarsa, kuma a raba ribar da mai aikin. Saboda haka in gyaranki ya samar miki rabin awa, kada ki yi gaggawar cika ta da sabon aiki, a ofis ne ko a gida. Ki zauna ki ci abinci a natse, ki miƙe ƙafa. In kuwa yaranki ne suka gama da wuri saboda sabon shiri, ki bar su su ga amfaninsa a jikinsu ko a aljihunsu, in ba haka ba gobe ba mai sake gaya miki inda ɗaki ke yoyo.

Ina fata ran Litinin za ki tafi aiki da fensir da 'yar takarda a jaka. Wadda ta ƙirga takunta ta ga abin mamaki, ta rubuto mana mu ji, don sauran 'yan'uwa su ƙaru. Sai mako mai zuwa.